Ƙananan Rubutu a Bayan Kwalba

Shagona na kan hanyar dam, a Dadin Kowa,
taku shida tsawonsa, faɗinsa bai kai ba.
Omo a buhu, man bilicin a kwali,
jan-baki, hoda, fiya-fiya a gorar lemo.

Wata Laraba ta shigo, takalmi duk laka,
Tamar, Bayahudiya, mai awon ruwan Gongola.
Ta ɗauki kwalba, ba ta tambayi kuɗi ba,
sai ta juya bayanta, ta ƙanƙance ido,
tana bin ƙananan rubutun nan
da ni, shekara tara ina sayarwa,
ban taɓa yi musu kallo biyu ba.

Na ce, "Baiwar Allah, saye ko duba?"
Ta yi dariya. Hausarta tuwo ce mai gudaji,
amma tana haɗiyuwa.

Ta ce, "Ina neman ko an ɗiga shi a idon zomo
kafin a yarda ya hau fuskar mace.
A shari'armu, wahalar da dabba ba gaira ba dalili
laifi ne, ko da dabbar ba ta da mai ita."
Na tuna jakin Ɗanjuma mai yashi
da gyambon da ke bayansa. Na yi shiru.

Ta ce an hore su: ko yaƙi ake,
ko an yi wa gari zobe,
ba a sare itace mai 'ya'ya.
Daga nan malamansu suka ja zaren
har ya kai ga man fitila da ke ƙonewa a banza,
da rigar da aka yaga don fushi,
da idon ruwa da aka toshe.
"To ruwan wankinki," in ji ta, "ina yake zuwa?"
Na nuna kwata.
Ta bi kwatar da ido, ni ma na bi,
ta ratsa bayan gidan Lantana, ta gangara fadama,
inda ake ban-ruwan tumatirin da na ci da safe.

Ran Juma'a da wuri take zuwa,
kafin rana ta faɗi ta gama ciniki.
Asabar ba ta saye, ba ta murza dunƙulen sabulu,
ba ta shafa jan-baki, wai rini ma aiki ne.
Na ce, "Ashe har leɓe yana da ranar hutu!"

Da dare na kasa barci, ba don sauro ba.
Inna Dudu ce ta dawo mini,
tana tace tokar kara a tsohuwar ƙwarya,
tana tuƙa sabulun salo har kafaɗa ta sage.
Ita ce ke ƙwace buta a hannuna tana cewa,
"Ko a bakin kogi kike alwala, kada ki ɓarnatar."
Ashe maganar tana gida tun tuni,
sai da baƙuwa ta zo daga wata uwa duniya
na ji ta da kunnen manya.

Tamar ta tafi da damina, da kwalaben awonta.
Ban tambaye ta abin da ta gani a ruwan ba,
Baba Kwairanga masunci ya riga ya faɗa mini:
ƙasa da mawanka, karfasa ta yi ƙaura.

Kada in yi ƙarya, kwalin bilicin yana nan.
Dila a Gombe yana bina dubu arba'in,
kuma bashi bai san wa'azi ba.
Na dai sauke shi can ƙasan kanta,
na ɗora salo a inda ido ke fara sauka,
na haƙa rami a bayan shago don ruwan wanki.

Na kuma sayi tabarau, ƙafa ɗaya ɗaure da zare.
Jiya wata yarinya ta miƙo kuɗi,
ta nuna man da take so, tana sauri.
Na ce, "Tsaya tukuna, 'yata."
Na juya kwalbar.
Muka sunkuya tare, muna haɗa baƙi.