Ƙaura Za Ka Yi, Ko Tafiya?

Na ce zan taka daga Daura zuwa Dutsi,
ba don kuɗin mota ya gagare ni ba,
likita ne ya ce kujerar ofis tana cin ƙashina,
ni ma ƙafata ta yi kewar hanya.

Na sayo jaka a gwanjo, aljihunta goma sha ɗaya,
na cusa tanti, da risho, da tocila biyu,
da sardin gwangwani shida,
da takalmi mai dogon wuya irin na soja,
da abin cajin waya mai shan rana,
har da matashin da ake hura wa iska.
Na ɗaga, na ajiye, na sake ɗagawa,
na ce ai namiji ba ya gudun kaya.

Kawu Nomau na dakali yana tufkar igiyar guga,
shi da ya kora shanu daga Mai'aduwa har Kurmi
da sanda, da gora, da bargo guda.
Bai ɗago ba ya ce,
"Lurwanu, ƙaura za ka yi, ko tafiya?"

Ya zazzage jakar a kan tabarma.
"Wannan fa?" Tanti ne.
"A ƙasar da kowane ƙauye yana da zaure?"
Risho ya ture da bayan hannu:
"Mai ƙosai ba ta ƙare a mararraba."
Takalmin ya shinshina, ya juya,
"Bai san yatsunka ba, ba ku gaisa ba tukuna.
Sa tsohon, shi ya san inda kake jin wuya."

Abin da ya bar mini bai cika ƙwarya ba:
gorar ruwa, malafa, ƙuli-ƙuli a ƙunshi,
mayafi ɗaya, shi ne inuwa, shi ne shimfiɗa,
shi ne abin salla in lokaci ya yi.
Sai ya zaro allura daga hularsa,
"Riƙe. Babba ba ya tsayar da matafiyi,
ƙarami ke yi, kamar ƙaya."

Da dare na saci kayana na mayar:
takalmin, da tocila ɗaya, da sardin biyu.
Kuɗi na sa, na ji kunyar barinsu a baya.

Kafin Shargalle dunduniyata ta yi ruwa.
Na zauna gindin tsamiya, na cire soja,
allurar Kawu ta huda bororon,
na sa silifas, na rataya takalmin a wuya
kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa.
Gora ta bushe da la'asar.
Wata yarinya mai kiwon awaki, Talatuwa,
ta karɓi sardin, ta juya shi tana dariya,
ta nuna mini bayan gonar dawa: ga rijiya.

A zauren da na kwana kuwa,
da na haska tocila kafin na shimfiɗa mayafi,
kunama ce a naɗe, daidai inda zan sa kai.
Nan dai, Kawu, ba kai ne da gaskiya ba.
Zan faɗa maka, in na sami ƙarfin zuciya.

Washegari na hau dutsen da hantsi.
Waya ba ta kama komai ba, na mayar aljihu.
Gero a ƙasa ya yi kai, shaho na shawagi ƙasa da ni,
na ci ƙuli-ƙuli uku, na sha ruwa,
ban tuna matashin iska ba ko sau ɗaya.

Da na dawo Kawu bai tambayi dutse ba.
Takalmin ya sauke daga wuyana, ya gwada,
ya taka zuwa bakin zaure, ya dawo.
Yanzu da shi yake zuwa gona,
wai maganin ƙaya.