Harafin da Ya Ƙi Zama

Ƙarfe biyun dare a Shibuya, hawa na shida.
Su biyar a bayan gilashi, ni a gabansa
da jan biro da shayin sha'ir da ya huce.
Sana'ata ke nan, gyaran baki.
Waƙar ta riga ta ci kasuwa a Seoul,
yanzu an tuɓe mata kayan gida
an ɗinka mata na Japan,
minti uku da daƙiƙa tara, za ta fita ranar Laraba.

Hye-ram ce cikas, autarsu, shekara sha bakwai.
Akwai kalma ɗaya a amshi: tsuki, wato farin wata.
Ita kuwa chuki take cewa.
Na ce, kai harshe bayan haƙori,
kamar za ki yi tsaki sai ki fasa.
Ta ce chuki.
Sau talatin da ɗaya, ina ƙirgawa a gefen takarda.
Manaja ya dubi agogo, ya dube ni.

Ta ba da haƙuri, ta sunkuya
har gashinta ya share makirufo.
Akwai bandeji a idon sawunta.
Tun la'asar rabin ayaba ta ci, a kan idona.

Ba ta san sunana biyu ba ne.
Na wuya, a katin aiki, Kanemoto Haruyo.
Ɗayan yana Tsuruhashi, can Osaka,
a rumfar da uwata ke cuɗa kabeji da jan barkono,
bai taɓa hawa jirgin ƙasa ya zo Tokyo ba.

Ba ta kuma san kakana ba.
Shekarar da ƙasa ta girgiza, gari ya kama da wuta,
wasu maza da sandunan gora masu tsini
suka tare shi a bakin gada.
Ba su nemi takarda ba.
Cewa suka yi: faɗi yen sha biyar da sen hamsin, mu ji.
Baki shi ke yanka wuya,
daren nan ba karin magana ba ce.
Ya nuna kunne, ya nuna leɓe, ya yi gurnanin bebe.
Na bayansa ya buɗe baki ya faɗa.
Har ya mutu kakana bai ambaci sunan mutumin ba,
sai dai ya ce malafarsa sabuwa ce.

Shi ya sa a gidanmu aka kankare mana harshe
kamar gindin tukunya.
Mun zo gari mun tarar kowa da jela,
muka ɗaura tsumma,
tsumman ya kwana biyu ya yi jijiya.
Yau da shi nake cin abinci.

Na talatin da biyu.
Ta rufe ido, ta ja numfashi,
muryar ta tashi siririya, ta tsaya cak a sama,
chuki.
Manaja ya ce, Malama, ya yi?
Na ɗora murfin biro.
Na ce ya yi.

Laraba, ana yayyafi.
Fuskarta a allon da ya fi gidanmu tsawo,
mutane na ƙetare titi ƙarƙashin haɓarta.
'Yan makaranta uku a lema ɗaya,
kowacce da faifai a leda,
suna rera amshin, suna turo leɓe da gangan,
chuki, chuki,
wai nan ne ya fi daɗi.

Na tsaya har fitila ta sake launi sau biyu.
Na kira Osaka.
Hayaniyar kasuwa, ƙarar wuƙa a kan katako.
Na fara ba ta labari, ta katse ni:
ɗaga murya, ba na ji.
Na sake, da wancan harshen, a tsakiyar titi.
Ta yi shiru.
Can ta ce, yarinyar, tana cin abinci kuwa?