Jan Ɗigo a Shika

Ranar Laraba, a filin Tudun Jukun,
na yi tsalle in sa wa ƙwallo kai,
na sauko a kan idon sawu.
Ƙas! kamar an karya kara.
'Yan kallo ba su fasa shan rake ba.

Kawu Barau ya ce targaɗe sai sakiya:
ƙarfe ya yi ja a garwashi, a ɗora, a huta.
Tabonsa uku a gwiwa,
yana nuna su kamar lambar yabo.

Ni Shika na nufa, ƙafa a miƙe cikin keke.

Malama Hansatu ta sa mini baƙin tabarau,
ta ɗauko wani alƙalami mai igiya,
ta dafa shi a kan kumburin.
Jan ɗigo, bai fi ƙwayar wake ba.
Na ciji leɓe, ina jiran zafi.
Zafi bai zo ba.

Na ce, "Malama, an kunna kuwa?"
Ta ce, "Lesa ce, ba ta ihu.
Kai dai ƙirga numfashinka."

Minti takwas. Jibi ka dawo.
Tsakani kuwa sai ƙanƙara,
da robar da nake ja da yatsun ƙafa,
da zaman benci ina kallon wani da lambata.

Kawu ya ce wutar da ba ta ƙuna
ai wasan yara ce.
Ban tanka ba.

Mako na shida na hau Kufena har rabi.
Ban san wa zan gode wa ba,
hasken, ko haƙurin, ko Hansatu.
Takalmin ƙwallona dai yana ƙarƙashin gado.
Daren jiya na goge shi.