Safar Hannu Bakwai

Ƙarfe shida a Lodz, gari ya ƙi wayewa,
ƙanƙara ta kwana tana zuba a kan motoci.
Na tsaya a bakin ƙofa ina ƙirga hannuwa:
takwas ne, kamar jiya.
Safar hannu kuwa bakwai.

Tymon ya ce ba shi ba ne.
Jagoda ta ce a mafarki ta ga mage ta tafi da ita.
Tagwaye ba su tanka ba,
Kazik na tsotsar igiyar hularsa,
Bronka ta zauna daram a kan takalmina
tana tuɓe abin da na gama sa mata yanzun nan.

Mun leƙa ƙarƙashin gado.
Mun samo cokali biyu, da ɓawon lemo ya bushe ƙamas,
da haƙorin Tymon da aka sha wa kuka ran Lahadi,
da takardar makaranta
wadda na rantse ba a taɓa kawo ta gidan nan ba.
Safa dai shiru.

Ni fa direban taragon lantarki ne.
Mutum ɗari nake ɗauka in sauke, ba mai ja da ni,
in na kaɗa ƙararrawa har manyan motoci kaucewa suke.
Ga mutum huɗu, babbansu bai wuce ƙuguna ba,
sun hana ni fita ƙofar gidana.
Wanda bai taɓa cusa yatsun ɗan shekara biyu
ɗaya bayan ɗaya cikin ulu ba,
kada ya zo mini da wa'azin haƙuri.

Tsohuwa Wiesia ta ɗakin ƙasa
ta doki rufinta da sandar tsintsiya, sau uku.
Gaisuwar safiya ke nan.
Anjima ita ce dai za ta hawo da tukunyar miyar kabeji,
baki na mita, hannu na rabon alawa a ɓoye.

Na fizgo safar ƙafa daga kan ƙarfen ɗumama ɗaki
na zura wa Kazik a hannun hagu.
Ya dube ta, ya dube ni, ya ƙyalƙyale da dariya.
Ashe aiki na tono wa kaina,
kowa ya ce shi ma ta ƙafa yake so.

Haka muka sauko, tinƙis-tinƙis, kamar 'ya'yan agwagwa.
A bene na uku, inda fitila ta mutu tun kaka,
muka ci karo da Ludwika,
ta taso daga aikin dare, tana warin asibiti.
Ta ƙare mana kallo daga hula har hannu,
ba ta tambaya ba.
"Madara ta ƙare." "Bronka na tari."
"Ka biya kuɗin wuta?"
"Kin yi kyau."
"Maƙaryaci," in ji ta, tana hamma,
ta gyara mini wuyan riga ta wuce.
Shekara tara da aure,
yanzu a tsaye muke son juna,
ita tana hawa, ni ina sauka.

Da rana tsaka, a tashar ƙarshe,
na sa hannu a aljihu neman kuɗin shayi,
sai na taɓo abu mai laushi.
Ja ce, 'yar mitsitsiya, babban yatsanta a huje,
a cikinta guntun biskit
da sawun haƙora biyu a gefe.
Ban san wanda ya yi mini ajiyar ba,
kuma in na tambaya, duk huɗun za su ce su ne.

Na cinye shi tas, har da zaren ulun da ya manne.
Fasinjoji na ta duban agogo.
Na ɗora safar a gaban gilashi ta sha iska,
na kaɗa ƙararrawa.