Farautar Gwangwani

Da tsohuwar silifa na sassaƙa hatimi:
ƙadangare ɗaya, zabuwa ɗaya,
sai jinjirin wata da ya fito kamar ƙosai.
Gwangwanin madara uku na wanke,
kowanne da ɗan littafi da tawada a cikinsa.

Jikoki tara za su fita ran Asabar,
har da Tasalla mai haɗa baƙi da ƙyar,
don haka na sassauta kacici-kacicin:
"Ba Gobarau baya, ƙirga taku arba'in,
nemi bedin da ya jingina da katanga."
"Takun wa?" in ji Lantana, tana tankaɗe.
"Naka, ko na ɗan shekara shida?"
Na goge. Na sake awo da ƙafar Ɗanjuma.

Ɗaya a gindin bedi,
ɗaya a kogon ganuwa wajen Ƙofar Guga,
na ukun amana a hannun Maikuɗi mai shayi.

Jajibiri na koma dubawa.
An riga mu.
A shafin farko an dangwala babban yatsa,
ƙasansa da ajami: "Na samu. Na mayar."

Ban yage shafin ba.
Gobe in yara sun ce wane ne,
ni ma in bi sahun masu nema.