Daren da Rumbu Ya Ƙi Buɗuwa

Bayan isha'i, gobe kasuwar Gujungu,
Malam Ɗanjummai ya bugo mini waya:
"Tasi'u, shafinmu na riɗi ya mace.
Fari fat, sai wani layi ɗaya,
wai an kasa isa ga rumbun bayanai."

Rumbu!
Ni da kakana ya bar rumbu bakwai a tsaye,
yau ga ni da wanda ba shi da jinka,
ba a hawansa da tsani,
amma manoma ɗari biyu da sha ɗaya na ciki:
sunayensu, buhunansu, da bashin takin bara.

Na tare a shagon cajin Sagiru.
Janareta na tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono,
sabis sanda biyu, in iska ta kaɗa ya koma ɗaya.
Na duba kalmar sirri, daidai take.
Sunan rumbu, ko wasali bai goce ba.
Na rubuta wa masu masaukin shafi,
suka ce wajensu lafiya lau.
Haka ake yi in an ci shuka:
kowa ka tambaya, akuyarsa a ɗaure ta kwana.

Sai na buɗe kundin kurakurai,
can inda na'ura ke ajiye kukanta.
Layi ɗaya, sau dubu uku da wani abu.
Akwai mai ƙwanƙwasa rumbu ba hutawa,
ya yi tambaya, kafin a amsa ya sake,
har ƙofa ta gaji ta rufe wa kowa.

Na tuna Iya Tabawa da ƙwan zabinta.
Ba ta zubar da kwando don zargi,
ɗaya-ɗaya take tsomawa a ƙwaryar ruwa,
wanda ya taso sama shi ne baragurbi.

Filogin sha huɗu ne a jikin shafin.
Na kashe su duka.
Shafi ya buɗe ido, tsirara, amma da rai.
Na kunna mai hotuna, shiru.
Mai karɓar kuɗi, shiru.
Na uku, na huɗu,
sauro na karɓar harajinsa a ƙafata,
Sagiru ya yi barci a kan benci da baki buɗe.
Na tara, mai kawo farashin Dawanau minti-minti,
ina taɓa shi, shafi ya zube warwas.

To, ga ka.
Wa ya kawo ka gidan nan?

Na daɗe ina kallon allo.
Ranar Laraba ce, ni da hannuna,
kyauta na tsinto shi, har ina murna,
na manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na tumɓuke shi har saiwa,
na ɗinke teburin da ya yayyaga,
na dawo da ajiyar shekaranjiya.
Buhu shida na Gambo Makwalla sun ɓace a tsakani,
na haska tocila a tsohon littafin awo
na mayar masa da su, ɗaya bayan ɗaya.

Ladan na gyaran murya, motocin riɗi sun fara shigowa.
Malam Ɗanjummai ya leƙo da carbi a hannu:
"Me ya same shi?"
Na ce, "Wake ɗaya ne, Malam, ya ɓata gari."
Bai tambayi wanda ya jefa shi ba.
Ni ma ban faɗa ba
sai da muka shanye kokon Lantana.