Ɗaki na Shida

Ni maƙerin bindiga ne a Montana,
shekara talatin da ɗaya ina shaƙar mai da tsatsa.
Ranar Laraba alƙali ya ce, Mista Tackett,
nuna wa kotu yadda ƙarfen nan yake magana.

Na ɗauke ta. Babu harsashi, amma na leƙa sau biyu.
Na ce, ga ganga mai ɗaki shida, juyawa take.
Ga guduma a ƙeya, ga kunama a ƙasa.
A irin wannan tsohuwa, aikin kunama ɗaya ne tak:
saki.
Babban yatsa ke jan guduma baya,
ƙas, ƙas, ƙas, ƙas,
sau huɗu tana gargaɗi kafin ta ɗanu,
sannan manuniya ta ba da izini.

Lauya ya miƙe yana gyara ɗamarar wuya:
To idan ba a ɗana ba, ba a ja ba,
ashe ba ta tashi ke nan?

Na ce, guduma ko a kwance tana da hanci.
In ɗakin da ke gabanta da baƙo a ciki,
hancin nan a gindin harsashi yake kwana.
Bugu ɗaya ya isa.
Shi ya sa na farko suka bar mana ƙirge:
zuba ɗaya, tsallake ɗaya, zuba huɗu,
guduma ta yi barci a ƙofar kango.
Mai shida, biyar take ci.

Harlan Voss ya san wannan tun bai iya hawan doki ba.
Amma kerkeci ya ci masa maraƙi uku cikin mako guda,
ran nan da asuba, hannu na rawar sanyi da haushi,
ya cika ta maƙil.
Ya dawo bai ga ko sawu ba,
ya rataye rigar sanyi a ƙusa, ita tana aljihu.

Eusebio, ɗan mai yi masa kiwo, shekara sha biyar,
aikensa aka yi: ɗauko mini rigata.
Ya ɗauko ta ƙasa a sama.
Abu mai nauyi ya zame,
ya sauka da ƙeya a kan siminti.

Lorna na durƙushe tana cika kwalbar madara
don maraƙin da uwarsa ta ƙi.
Madarar ce ta fara kaiwa bakin ƙofa.

Kwana uku ina jin kalma ɗaya a ɗakin nan:
tsautsayi, tsautsayi.
Ba wanda ya taɓa kunama, gaskiya ne.
Yaron na kallon tafin hannunsa kamar na aro.
Uban ya tsufa a kan benci tsakanin Litinin da Laraba.
Masu kamfanin da ya ƙera ta sun daɗe a ƙasa.
Siminti kuwa ba a rantsar da shi.

Tsautsayi, in ji su, ba ya wuce ranarsa.
Ni dai na san ba ya zuba harsashi da kansa.
Sai an gyara masa ɗaki, an yi masa shimfiɗa.

Alƙali ya ce, akwai ƙari? Na ce babu.
Ba wanda ya tambaye ni watan Afrilun bara,
da ta kwana biyu a kan teburina.
Na ce, Harlan, akwai ɗan shingen ƙarfe
da ake sa wa na zamani tsakanin guduma da harsashi.
Ya ce, ta babana ce, bar ta yadda ya bar ta.
Sau ɗaya na faɗa.
Na shafe ta da mai, na karɓi dala arba'in.

Yana nan a littafin shago, da rubutuna,
shafi na sittin da biyu:
an goge, an duba, lafiya ƙalau.